Kayan aro da riƙon amana: yadda ake jan ragamar tawagar ƙasa a wasan besbol

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Birnin Kudu ko Gwaram ranar da Super Eagles ke wasa ya san cewa kowa koci ne a wurin. Wannan ya ce a cire wane, wancan ya rantse da wane aka sako da tuni an ci. In aka yi nasara 'yan wasa ake yabo, in aka sha kashi koci ake nema. Amma mene ne ainihin aikin mutumin nan da ke tsaye a gefen fili, wanda ko taɓa ƙwallo ba ya yi?

Domin amsa wannan tambaya, a wannan makon za mu leƙa wani wasa da ba a saba gani a wajenmu ba, wato besbol. Wasa ne da ya yi ƙarfi a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Kyuba da Benezuwela. Mun zaɓe shi ne saboda a cikinsa shawarar koci a fili take. Wasan yana tsayawa bayan kowace jifa, don haka mai kallo yana iya ganin lokacin da koci ya yanke hukunci da kuma abin da hukuncin ya haifar. Za mu bi sawun Hideki Kuriyama, wanda ya jagoranci Japan ta lashe babbar gasar ƙasashe ta wannan wasa, World Baseball Classic, a watan Maris na 2023.

Yadda wasan yake a taƙaice

Kowane ɓangare yana da mutum 9 a fili. Akwai tasha huɗu da aka jera a siffar murabba'i, tsakanin kowace biyu kimanin mita 27, kuma ta huɗun ita ake kira gida. Mai jifa yana tsayawa a tsakiya, kimanin mita 18 daga gida, ya jefo ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemon zaƙi ba. Mai bugu na ɗaya ɓangaren yana tsaye a gida da kulki a hannu. In ya bugi ƙwallon sai ya sheƙa da gudu zuwa tasha ta farko, ya ci gaba in da hali. Duk wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa mai bugu ya cilla ƙwallon ta tsallake katangar fili, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi sun dawo gida kyauta.

Masu tsaron fili suna ƙoƙarin fitar da mai bugu. Suna iya cafke ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko su kai ta tasha kafin ya isa, ko mai jifa ya sa shi ya yi kuskure sau uku. In mai jifa ne ya yi jifa huɗu a karkace, mai bugu ya samu tasha ta farko a ɓagas. Da an fitar da mutum uku sai a yi musaya, masu tsaro su koma bugu. Idan kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya an yi turmi ɗaya ke nan, kamar yadda ake cewa a dambe. Wasa turmi 9 ne, kuma ba a duba agogo.

Akwai wata doka da ke sa kan koci ya yi zafi: duk ɗan wasan da aka cire ba ya dawowa a wannan wasan. Kowane canji, saboda haka, ƙofa ce da aka rufe.

'Yan wasan ba nasa ba ne

Kocin kulob yana tare da yaransa kusan shekara guda cur. Kocin ƙasa kuwa aro yake yi. Kulob ne ke biyan ɗan wasa albashi, wani lokaci miliyoyin daloli, kuma ana yin gasar ta duniya a watan Maris, ana gab da fara kakar wasa a Amurka da Japan. Masu kulob suna sakin mutanensu ne zuciyarsu na ɗar-ɗar, kuma suna da dalili. A gasar 2023, Edwin Díaz na Fuwato Riko ya ji mummunan rauni a gwiwa yana cikin murnar doke Jamhuriyar Dominika, kuma kulob ɗinsa, New York Mets, bai more shi ba a duk kakar wannan shekarar. José Altuve na Benezuwela ya karye a babban yatsa. Ita kanta Japan ta rasa Seiya Suzuki na Chicago Cubs tun kafin a fara, saboda rauni.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Kocin ƙasa yana da buri biyu da ke jan juna: ya ci kofi, ya kuma mayar da kowane yaro gida lafiya. Wanda ya yi sakaci da na biyun, gobe in ya je aro ba za a ba shi ba.

A nan tarihin Kuriyama ya yi masa rana. An haife shi a 1961, ya yi karatu a jami'ar horar da malamai ta Tokyo Gakugei. Bai yi fice sosai a matsayin ɗan wasa ba. Ya buga wa Yakult Swallows daga 1984 zuwa 1990, yana fama da wata cutar kunne mai sa jiri, ya yi ritaya bai kai shekara 30 ba. Daga nan ya yi shekaru yana sharhin wasanni a talabijin, ya kuma koyar a jami'a. A 2012 aka ba shi kulob ɗin Nippon-Ham Fighters, ya riƙe shi shekara 10. A ƙarshen 2012 ya shawo kan wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Shohei Ohtani, wanda ya riga ya sanar cewa Amurka zai tafi, ya tsaya a Japan. Ya yi masa alkawarin barinsa ya zama mai jifa kuma mai bugu a lokaci guda, abin da masana da dama suka ce ba zai yiwu ba a matakin ƙwararru. Ya cika alkawarin, suka ci kofin Japan tare a 2016. Lokacin da aka naɗa Kuriyama kocin ƙasa a ƙarshen 2021, Ohtani ya riga ya zama tauraro a kulob ɗin Los Angeles Angels. Da tsohon kocinsa ya nemi ya zo, ya amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: amanar da Kuriyama ya ci moriyarta a 2023 ya gina ta ne shekara 10 kafin nan.

Zaɓen mutum 30

Dokar gasar ta ba kowace ƙasa 'yan wasa 30, kuma dole aƙalla 14 su zama masu jifa. Wannan na nufin ba za a kwashi taurari kawai ba. Ana buƙatar mai gudu, da mai tsaron da ba ya zubar da ƙwallo, da wanda zai yarda ya zauna a benci har sai an kira shi na minti biyu.

Kuriyama ya yanke shawarwari uku da suka ja hankali. Na farko, ya kira Lars Nootbaar, wanda aka haifa a Kalifoniya ta Amurka, mahaifiyarsa 'yar Japan, kuma ba ya jin Japananci sosai. Ba a taɓa sa haifaffen Amurka a tawagar Japan a wannan gasa ba. Mu a Najeriya mun saba da irin wannan, tunda an haifi Ademola Lookman da Ola Aina a Landan, amma a Japan sabon abu ne. Kocin ya sa shi farkon masu bugu, abokan wasansa suka tarbe shi sanye da riguna masu ɗauke da laƙabinsa, kuma kafin mako guda ya zama ɗan gaban goshin 'yan kallo.

Na biyu, ya jingina da Yu Darvish, mai jifa ɗan shekara 36, wanda ya fi kowa shekaru a tawagar. Shi kaɗai ne cikin masu wasa a Amurka ya halarci sansanin horo na Miyazaki tun a watan Fabrairu, inda ya riƙa zama da matasan masu jifa yana nuna musu dabaru. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, ya ƙi naɗa kyaftin. Manufarsa ita ce kada kowa ya zauna yana jiran wani ya ɗauki nauyi.

Wanda ya san tarihin ƙwallon ƙafarmu zai tuna da marigayi Stephen Keshi. A 2013 ya ajiye wasu sanannun 'yan wasa ya tafi Afirka ta Kudu da masu buga gasar cikin gida, aka yi ta sukarsa. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya kofin Afirka a wasan ƙarshe da Burkina Faso.

Lissafi a gefen fili

Ɗalibin da ke gudun darasin lissafi ya saurara a nan. Hannun mai jifa yana gajiya, kuma in aka matsa masa yana iya lalacewa har abada. Saboda haka gasar ta sa iyaka. A zagayen farko mutum ɗaya ba zai wuce jifa 65 a wasa ba, a zagayen 'yan takwas 80, a wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe 95. Wanda ya yi jifa 50 ko fiye sai ya huta kwana 4. Wanda ya yi 30 ko fiye sai ya huta kwana 1. Ba kuma wanda zai yi jifa kwana uku a jere.

To, wasa ɗaya yakan ci jifa 140 ko fiye daga kowane ɓangare. Raba 140 gida 65, za ka ga mutum biyu ba za su isa ba. Ga shi kuma Japan ta buga wasa huɗu cikin kwana huɗu a Tokiyo, daga 9 zuwa 12 ga Maris. In koci ya ƙona gwanayensa yau, gobe da wa zai fita? Dabarar Kuriyama ita ce ya haɗa manyan masu jifa bibbiyu: ɗaya ya fara, ɗaya ya karɓa a tsakiya, sannan ƙwararrun rufe wasa su gama. Da wannan tsari Japan ta doke Sin 8 da 1, Koriya ta Kudu 13 da 4, Jamhuriyar Cek 10 da 2, Ostireliya 7 da 1, sannan ta fitar da Italiya 9 da 3 a zagayen 'yan takwas.

Yaron da hannunsa ya ƙi

Babbar jarrabawar Kuriyama ta zo ne a kan Munetaka Murakami. A 2022, yana ɗan shekara 22, ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 56 a kaka ɗaya, adadin da babu haifaffen Japan da ya taɓa kaiwa a gasar ƙasar. Don haka aka sa shi na huɗu a jerin masu bugu, gurbin da ake ba wanda aka fi dogara da shi. Sai abu ya ƙi. A wasanni huɗun farko, sau 2 kacal ya yi bugu mai amfani cikin gwaji 14.

Mutane suka rabu. Wasu suka ce a ajiye shi, wasu suka ce a bar shi inda yake. Kuriyama ya bi tsakiya: ya sauko da shi zuwa na biyar don a rage masa nauyi, ya ba Masataka Yoshida na huɗu, amma bai cire shi daga fili ba.

Ranar 20 ga Maris, a birnin Mayami na Amurka, Japan ta haɗu da Meziko a wasan kusa da na ƙarshe. Meziko ta shiga gaba 3 da nema. Yoshida ya rama duka ukun da bugu ɗaya a turmi na 7. Meziko ta ƙara biyu, Japan ta rage ɗaya. Aka shiga turmi na 9 Meziko na da 5, Japan na da 4. Ohtani ya buga ya kai tasha ta biyu. Yoshida ya samu ta farko a ɓagas. Wanda ke biye shi ne Murakami, wanda a wannan daren ya fito sau huɗu bai yi komai ba, uku daga ciki ma ko ƙwallon bai iya sa wa a fili ba.

Ɗan dakata ka sa kanka a matsayin koci. Kana iya cire Murakami ka sako wanda ya iya taɓa ƙwallo a hankali ta gangara gabansa. Za a fitar da shi, amma abokansa biyu za su matsa gaba, ka kusanci ramawa. Wannan ita ce hanyar da ba wanda zai zarge ka a kanta. Ko kuma ka bar yaron da hannunsa ya ƙi, in ya sake kuskure, gobe sunanka ne a bakin kowa a ƙasar.

Kuriyama ya yi abu biyu. Ya cire Yoshida, gwarzon daren, ya sa Ukyo Shuto, ɗaya daga cikin mafiya gudu a Japan, a tasha ta farko. Ka tuna, Yoshida ba zai dawo ba ko da wasan ya zarce. Sannan ya aika mataimakinsa ya shaida wa Murakami cewa an bar masa wuƙa da nama. Murakami ya cilla ƙwallon ta daki katangar tsakiyar fili. Ohtani ya shigo gida, Shuto na bin dugadugansa. Japan 6, Meziko 5.

Da sauƙi a ce sa'a ce. Amma duba abin da kocin ya dogara da shi. Ya san abin da yaron ya yi a kaka guda cur, kuma ya san mako biyu marasa kyau ba sa shafe wannan. Ya kuma tanadi mai gudu a benci tun ranar da ya rubuta sunaye 30, saboda irin wannan minti. Da bugun bai yi ba, shawarar tana nan da hujjarta, kuma shi zai tsaya gaban 'yan jarida ya amsa.

Daren ƙarshe

Washegari, 21 ga Maris, aka kara da Amurka mai riƙe da kofin tun 2017, a gidanta. Jerin masu bugunta cike yake da taurari. Kuriyama ya ƙi barin su saba da hannun mutum ɗaya. Ya yi amfani da masu jifa 7: biyu suka yi turmi bibbiyu, biyar suka yi ɗai-ɗai. Murakami ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga a turmi na 2. Darvish ya karɓi turmi na 8. Ohtani, wanda kulob ɗinsa ke jiransa ya buɗe masa kaka ranar 30 ga Maris, turmi ɗaya aka ajiye masa, na ƙarshe. Mutumin ƙarshe da ya fuskanta shi ne kyaftin ɗin Amurka, Mike Trout, abokin wasansa a Angels. Ya fitar da shi da kuskure uku, aka tashi 3 da 2. Japan ta ci wasanninta 7 duka, ta ɗauki kofin karo na uku bayan na 2006 da 2009.

Kocin da ba shi da taurari fa?

Ba kowane koci ke da Ohtani ba. A wannan gasa, kocin Jamhuriyar Cek, Pavel Chadim, likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne. Yawancin 'yan wasansa ma'aikata ne da ke atisaye bayan an tashi aiki. A wasannin share fage a Jamus a 2022, Sifen ta lallasa su 21 da 7. Bayan 'yan kwanaki suka sake haɗuwa a wasan da zai raba gardama, Chadim ya miƙa ƙwallo ga Martin Schneider, ma'aikacin kashe gobara, suka ci 3 da 1. A Tokiyo suka doke Sin 8 da 5. A wasansu da Japan kuwa, Ondřej Satoria, ma'aikacin lantarki wanda jifarsa ba ta kai saurin ta ƙwararru ba, ya fitar da Ohtani da jifa uku ta hanyar sauya sauri. Sun sha kashi a wasan, amma nasarar nan ɗaya a kan Sin ta isa ta ba su gurbi a gasa ta gaba. Chadim ya san abin da mutanensa za su iya, ya kuma san wasan da ya zama dole su ci.

Mu a gida

Besbol ba baƙo ne gaba ɗaya a Afirka ba. An buga shi a wasannin Afirka da Abuja ta karɓi baƙunci a 2003, inda Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare, Najeriya ta samu azurfa. A 2012 yara daga Lugazi ta Yuganda suka zama tawagar Afirka ta farko da ta buga gasar yara ta duniya a Amurka. A 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Wasan zai kuma dawo Olamfik a birnin Los Angeles a 2028.

Kulki da safar hannu da hular kwano suna da tsada. Sai dai hukumar wasan ta duniya ta fito da wani ƙaramin nau'i mai suna Baseball5, wanda ba ya buƙatar komai sai ƙwallon roba ɗaya. Mutum biyar-biyar ne, turmi 5, da hannu ake bugu, tsakanin tashoshi mita 13. Filin taron safe na kowace sakandare a Birnin Kudu ko Gwaram zai ɗauka. An yi gasarsa ta duniya ta farko a birnin Meziko a 2022, Kyuba ta lashe. Malamin wasanni da alli da ƙwallo ɗaya sun isa a gwada.

Ko da ba a taɓa buga shi a makarantarku ba, aikin Kuriyama yana nan a gabanku. Gasar gidaje tana zuwa, akwai kacici-kacici da muhawara tsakanin makarantu, akwai langa da ƙwallon ƙafa na unguwa. Wata rana kai ko ke za a ce ku zaɓi mutum huɗun da za su yi gudun miƙa sanda. Abokinka na kusa zai so a sa shi, ga kuma wani ɗan aji ɗaya da ya fi shi gudu. Gwanarku ta muhawara za ta ruɗe a zagayen farko, a fara cewa a canza ta. Kafin ranar, riƙe littafi ka rubuta abin da kowa ya yi a atisaye, don ka yi hukunci da abin da ka gani. Ka gaya wa na benci tun da wuri aikin da ka ajiye masa. Kada ka sa mai ciwo ya fita saboda kofi, domin iyayensa aro suka ba makaranta. In an ci, tura yaran gaba su ɗauki hoto. In an faɗi kuma, kai za ka fara tashi ka yi bayani.